Tarihin Rayuwata (Kashi na Huɗu): Karen Mota da Mai Kuntigi

A makon jiya mun tsaya inda kawu ya damƙa ni a hannun wani direban babbar mota a Bukuru, yana cewa, "Maigida, ga amana nan." To, amana ta ji jiki. Ni ne ɗaurin kaya, ni ne wankin mota da asuba cikin sanyin Jos, ni ne kwana ƙarƙashinta ina gadi. Sunana ma ya ɓata, sai dai "kai yaro".

Wurin mai shayin tasharmu akwai wata rediyo, a nan na fara jin Ɗan Maraya Jos yana yi wa karen mota waƙa. Wallahi sai da na ajiye kofi. Mu da ko a ɗaurin aure ba a ambatonmu, ga wani ya ɗauki kuntigi saboda mu!

Ashe ɗan garin ne. Adamu Wayya sunansa, haifaffen 1946. Mahaifinsa makaɗin sarkin Bukuru ne, ya rasu Adamu yana jariri, ba a jima ba mahaifiyarsa ta bi shi, sarki ya riƙe yaron. A wata tafiya Maiduguri ya ga masu kaɗa kuntigi, ya dawo ya rungume shi. Kuntigin nan fa ba wani abu ba ne, gwangwanin kifi ne aka rufe da fatar akuya, tsirkiya ɗaya tal. Su Narambaɗa da Ɗanƙwairo na tafe da ayari da ’yan amshi, shi kuwa daga shi sai gwangwaninsa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yaron da ya tashi a fada, ya san ƙofar da kyauta ke fitowa, amma ya juya wajen talakan da ba shi da ko sisin liƙi, da yarinyar da aka yi wa auren dole. Daga baya Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa, aka riƙa ce masa Dakta har rasuwarsa a 2015. Allah ya jiƙansa.

Ni dai a lokacin dakon ranar da maigida zai bar ni in taɓa sitiyari nake. Ranar ta zo a hanyar Bauchi, da daddare, shi yana fama da zazzaɓi. Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.