Raunin da ke ɓoye a bayan tumbi

A shekarata ta biyu a sashen tiyata aka kawo mana wani yaro mai shekara 10 da ya faɗo daga keke, hannun keken ya buge shi a ƙahon zuciya. Ba ya zubar da jini, hoton duban ciki bai nuna komai ba, gwajin amilas, wato sinadarin narkar da abinci da kan ƙaru a jini idan gaɓar fankiriyas ta ji rauni, shi ma ya fito daidai. Abin da kawai ke jikinsa shi ne ɗan tabo zagayayye kamar kwabo. Har na ɗauki biro zan sallame shi, sai babban likitanmu ya ce a bar shi ya kwana. Mahaifin ya ce, "Ranka ya daɗe, ai da ƙafarsa ya shigo." Kafin asuba yaron ya fara amai, cikinsa ya ƙage, ko taɓawa ba ya bari a yi.

A nan na fahimci halin fankiriyas, wato gaɓar da ke samar da insulin da ruwan narkar da abinci, wadda mutane da yawa kan rikita ta da saifa. Tana kwance ne can bayan tumbi, a gicciye a kan ƙashin baya, don haka idan sitiyarin mota ko hannun keke ya danna ciki da ƙarfi, sai ta matse tsakanin ƙarfe da ƙashi har ta tsage. Da yake a lungu take, jini da ruwan da ke fita ba sa bazuwa cikin ciki nan take, kuma amilas da hoton CT, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki daki-daki, duk suna iya yaudarar likita a sa'o'in farko.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ko babban bututun fankiriyas, wanda ke kai ruwan narkar da abinci hanji, ya yanke. A ma'aunin da likitocin Amurka suka fitar a 1990 mai matakai 5, matakin 1 da na 2 ba su taɓa bututun ba, sau da yawa hutu da sa ido sun isa. Idan ya yanke kuwa, ruwan narkar da abinci ne zai riƙa cin naman mai shi.

Hoton CT da aka ɗauka washegari ya nuna tsagar sarai, a mataki na 3, wato bututun ya yanke. Aka cire ɓangaren hagu na gaɓar, aka bar masa saifarsa, wadda akan cire tare da wannan ɓangaren, saboda ƙuruciya, kuma sai da robar tsotse ruwa ta yi mako 3 a cikinsa kafin ta bushe.