Ƙannena masu sitajin likita a asibiti, ku nemi a kalli hannunku

Kafin korona, jarrabawar asibiti a bakin gado ake yin ta. A ba ka maras lafiya, ka ji ta bakinsa, ka duba shi tun daga ido har tafin ƙafa, sannan malam ya zo ya titsiye ka a gabansa. Ranar 19 ga Maris 2020 aka tabbatar da cutar ta shigo Nijar, makarantu da jami'o'i suka rufe, ba a koma ba sai 1 ga Yuni. Takunkumi da safar hannu ba su ishi ma'aikata ba, balle ɗalibi. Sai gwajinmu ya koma labarin maras lafiya a takarda da amsa tambaya ta waya, in rezo ya yarda.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Italiya ta yafe wa sabbin likitoci jarrabawar lasisi a Maris 2020, Ingila ta yaye ƴan shekarar ƙarshe da wuri, Amurka kuwa ta dakatar da jarrabawarta ta duba maras lafiya ido da ido, ta soke ta ɗungurungum a Janairu 2021. Tsarin jarrabawar da ake kira ECOS, wanda Ronald Harden ya fito da shi a Dundee a 1975, ya ƙara samun shiga: ɗaki-ɗaki, kowanne da aikinsa da ƴan mintocinsa, mai gwaji riƙe da jerin abubuwan da zai ba wa maki. Akwai adalci a ciki, don kowa tambaya ɗaya yake samu, ba wanda zai ce sa'ar malami ce ta kayar da shi.

Amma jerin nan ana iya haddace shi, kuma haddar na yi. Na iya cewa "zan taɓa ciki in nemi saifa" tiryan-tiryan, makina ya yi kyau. Karnen sitajina ma, wato littafin shaidar aikin da na koya, na cika shi da sa hannun manyan da ba su ga aikina ba, don kowa a gajiye yake, ni kuma ban matsa ba. Da damina ta kankama a nan Maradi, ɗakin yara ya cika da masu masassarar cizon sauro da tamowa, aka miƙo mini yaro cikinsa a kumbure, na lalube shi ban ji komai ba. Majo ce, wato babbar ma'aikaciyar jinya, ta kama yatsuna ta sauke su can ƙasa kusa da ƙugu, ta ce in jira ya ja numfashi. Saifar ta yi girman da na faro daga samanta. Har yau abin yana damuna, domin uwar yaron amana ta ba ni.

Saboda haka kada ku karɓi sa hannu a kan aikin da ba a tsaya an kalla ba. Ku ce, "Malam, don Allah minti biyar, ka ga yadda nake sauraron ƙirji." Ku duba farin ido da tafin hannu ku ƙiyasta ƙarancin jini, sannan ku gwada da sakamakon labo. Ku danna bayan ƙafar yaro daƙiƙa uku ku ga ko ramin ya zauna, alamar kumburin tamowa. Neman jijiya a hannun yaron da ruwa ya ƙare a jikinsa kuwa, wurin majo da ungozoma za ku koye shi, musamman a gadin dare, lokacin da suke da sararin nuna muku.