Mu ke ƙullawa, ku ke warwarewa

Mutane da yawa in sun ji an ce kuroswod abin da ke zuwa musu a rai shi ne wancan na cike gurbi, a ce maka babban birnin Faransa harafi biyar, ka rubuta ka wuce. To ba shi muke yi ba. A ɗan kamfaninmu wanda muke ƙullawa shi ne mai lauje cikin naɗi, wanda a Ingila suke kira kiriftik, inda kowace ishara, wato 'yar jimlar da ke nuna maka amsa, labarin da take ba ka a fili daban, abin da take nufi daban. Kuma yawancin odar da muke samu ta mai jigo ce, wato a zaɓi abu ɗaya a saƙa shi cikin amsoshin, ko tsuntsaye ko koguna ko rayuwar wani bawan Allah da zai yi ritaya abokan aikinsa suna so su ba shi mamaki.

Bari in fara nuna muku yadda abin yake don wasu da sun kalli isharar farko sai su aje takardar su ce ai wannan ba magana ba ce. Magana ce wallahi, kuma akwai doka. Kowace ishara hanya biyu ta shimfiɗa maka zuwa amsa ɗaya, akwai ma'anar kalmar wadda take zama a farko ko a ƙarshe, sauran kuma wasan haruffa ne da yake gaya maka yadda zaka harhaɗa ta, sai lamba a ƙarshe mai faɗin yawan haruffa. Ga wata tawa: Sarkin surutu yana cikin takura (3). In ka karanta haka kawai sai kaga kamar wani mai yawan magana ne ya shiga matsi, amma duba kalmar takura da kyau, cire t na farko da ra na ƙarshe, me ya rage? AKU. Sarkin surutu ita ce ma'ana, yana cikin kuma umarni ne cewa ka leƙa cikin kalma ta gaba. Ga wata: Karnai sun haukace ga mawaƙi a keji (6). Duk inda kaga an ce abu ya haukace ko ya rikice ko ya tarwatse to yamutsa haruffansa ake so ka yi, karnai in ka yamutsa su sai su ba ka KANARI. Akwai ta juyi, Abu ya dawo wurin mahaifi (3), karanta abu daga baya kaga UBA. Akwai kuma mai ma'ana biyu ba wasan haruffa sam, Launin rashin damina (4), FARI kenan, launi ne kuma rashin ruwa ne.

Ita wannan ta karnai har yanzu ina jin daɗinta, don abin da muke nema kenan, jimlar ta zama magana mai kai da gindi wadda mutum zai iya faɗa a hira, kuma a ce babu kalma ko ɗaya a ciki da take zaman banza. A nan ne ake gane mai sana'a da ɗan kwaikwayo. Yanzu kowa ya samu manhajar kyauta a intanet, ya zuba kalmomi ashirin ta watsa masa su a allo, wato gidajen da ake rubuta amsoshi, ko tsari babu, ya kwafo ma'anoni daga ƙamus ya liƙa, ya fito yana cewa shi ma yana haɗa kiriftik, kwastoma kuma ya zo mana da wannan takardar yana cewa ai wane a dare ɗaya ya yi masa. Eh zai yi a dare ɗaya mana tunda ba ishara ko guda a ciki.

Doka da nake ta ambata ba ni na ƙirƙiro ta ba. Kuroswod na farko Arthur Wynne ne ya fitar a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba 1913, na ma'ana ne zalla. A Ingila aka sa masa lauje, wani Edward Powys Mathers ya fara yi wa jaridar Observer a 1926 da sunan Torquemada, sunan wani alƙalin kotun addini na Sifen da ya yi suna wajen azabtar da mutane, kaga tun daga sunan ka san me zaka tarar. Wanda ya gaje shi a 1939 Derrick Macnutt, mai kiran kansa Ximenes, shi ne ya ce a'a, wahala daban zalunci daban, ya zauna ya tsara ƙa'idoji har ya fitar da littafi a kai a 1966. Magajinsa Jonathan Crowther da ya karɓa a 1972 da sunan Azed ya dunƙule abin a uku: ma'ana daidai, wasan haruffa na gaskiya, na ukun kuma kar a ƙara komai. A kan wannan muke aiki. Ina da ikon in ɓatar da kai da labarin da ke fili, amma ba ni da ikon in yi maka ƙarya a umarnin, kuma in ka ga amsa dole ka iya bin ta harafi bayan harafi ka ce lallai haka ne.

Ni a wurin wani dattijo na koya, tsohon malamin makaranta ne abokin mahaifina, yana da tarin tsofaffin jaridun Ingila da ya yanke shafin kuroswod ɗinsu ya adana a fayil, fensir kullum a bayan kunne. Bai taɓa gaya min amsa ba ko sau ɗaya. In na ce Baba wannan ta gagare ni sai ya ce ɗana karanta min ita a hankali, in na karanta sai ya ce to ina ma'anar take, gaba ko baya? Tambayar kenan kullum. Ya kan sa in ja layi tsakanin ma'ana da wasan haruffa kafin in yi tunanin komai, kuma har yau in na ɗauki sabon yaro a wurin aiki da wannan layin nake fara masa. Shi ne kuma ya fara ce min me zai hana a yi da Hausa, na ce Baba anya za ta ɗauka, ya ce harshen da ake kacici-kacici da zaurance da shi ne ba zai ɗauka ba? Allah ya ji ƙansa, bai ga kamfanin ba amma ya ga allona na farko kuma ya warware shi tas a gabana.

To ta ɗauka, amma sai da muka sake gini daga tushe, kuma a nan gumin yake. Allon Ingila gida 15 ne a kwance 15 a tsaye, amsoshi wajen talatin, in ka juya shi ƙasa ta koma sama baƙaƙen gidajen suna komawa daidai inda suke, kuma kusan rabin haruffan kowace amsa suna haɗuwa da wata amsar. Wannan duk mun riƙe. Matsalar ita ce kalmomin Hausa kusan duk da wasali suke ƙarewa, baƙi wasali baƙi wasali haka suke tafiya, shi ya sa masu harafi huɗu da shida suka fi yawa, allon Turanci kuwa ya fi son biyar da bakwai da tara. In ka ɗauko shi yadda yake ka ce zaka cusa Hausa sai ka tarar wasalin ƙarshen wata kalma ya faɗo inda wata take buƙatar baƙin farko, masu farawa da wasali kuma ba su da yawa. Ko kuma ka samu allon da duk mahaɗarsa wasula ne, mai warwarewa ya sha wahala ya samu haruffa uku ya duba yaga a da a da a, bai ƙaru da komai ba don kalmomin da za su shiga nan sun fi a ƙirga. Saboda haka da hannu nake zana allunanmu ina lura mahaɗa ta riƙa faɗawa kan baƙi gwargwadon iko. Sh da ts gida biyu muke ba su, kuma muna faɗa a saman takarda. Sannan ƙ ba k ba ce, ɗ ba d ba ce, ɓ ba b ba ce, bazan taɓa haɗa k ta kalmar baki da ƙ ta kalmar ƙasa a gida ɗaya ba ko da zan rushe kusurwa guda in sake. 'Yan manhaja kuwa ko a jikinsu, sun cire ƙugiya gaba ɗaya sai ka rasa bari ake nufi ko ɓari. Su ma masu buga mana takarda sai an tsaya a kansu, an taɓa dawo mana da aiki duk inda ƙ take ta zama ɗan akwati, tun daga nan ba a buga komai sai ƙanwata da ke kula da tsarin shafi ta ga gwaji da idonta ta sa hannu.

Yanzu maganar jigo, wadda ita ce na fi so. Iri-iri ne. Akwai wanda ake ba ka ƙofa, misali amsar 1 a kwance ita ce TSUNTSU, sauran isharori sai su riƙa cewa 1 kawai a madadin ma'ana. Akwai wanda ake rubuta gargaɗi a sama cewa amsoshi takwas dangi ɗaya ne kuma ba a ba da ma'anarsu ba, wasan haruffa kaɗai zaka bi. Akwai kuma ɓoyayye wanda ba a ce maka komai, zaka iya gamawa baka ma lura ba, sai daga baya ka duba kaga ashe shaho da mikiya da jimina da hankaka duk suna zaune a allon.

Ka ɗauka mai gargaɗin ne a hannunka. Shawarata kar ka tsaya kokawa da na jigon tun farko, bi sauran na yau da kullum ka tara haruffa, fara da masu yamutsi da ɓoyayyun kalmomi don su suka fi saurin ba da kai. Can sai ka iso kan wata gajera da ka duba gaba ka duba baya babu ma'ana: Ni da kai, kwana guda baya (6). Ni da kai ai mu kenan, kwana guda baya kuma jiya, haɗa su, MUJIYA. To a nan ne ake wannan ɗan tsalle a zuci, amma kar ka yi saurin yanke hukunci, ɗaya ba ta isa ba, mujiya tana iya zama cikin tsuntsaye tana iya zama cikin masu yawon dare tare da jemage da kura, kuma mu masu ƙullawa muna sane da hakan muke fara nuna maka mai fuska biyu. Nemi ta biyu. In ta tabbata tsuntsaye ne sai ka juya aikin, ka rubuta duk tsuntsun da ka sani a gefen takarda da yawan haruffansa, zalɓe biyar, fakara shida, belbela bakwai, tattabara tara, ka riƙa gwada su da gidajen da suka rage, amma duk wanda ya shiga sai ka koma ka tabbatar wasan haruffan ya ba da shi, shiga gida kaɗai ba hujja ba ce. Da fensir ake wannan aikin. In kuma ka cije to aje ka tashi ka yi wani abu, sau da yawa kana dawowa zaka ga abin da ya ɓuya.

In ka gama kar ka rufe, duba gefunan allon da layin da ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa, wani lokaci akwai saƙo a ɓoye. Nina ake ce masa, daga sunan 'yar wani mai zane na Amurka Al Hirschfeld wanda ya riƙa ɓoye sunanta a zanensa tun daga 1945. Kwastomominmu suna son wannan sosai, sunan wanda za a ba kyautar ya zagaye allon, sai dai ku sani kowane harafi da aka kafa a gefe yana ɗaure min hannu a ciki, shi ya sa in mutum ya zo da kalmomin jigo talatin ya ce duk a sa kuma a ƙara Nina nake ce masa ranka ya daɗe zaɓi goma da suka fi maka, sauran zan saƙa su cikin labarin isharorin. Wanda ya ce maka zai sa talatin ɗin duka to allon nan na manhaja zai ba ka mai kama da tsani ya karye.

Masu ganin abin wasa ne kawai ina ba su labarin John Graham, limamin coci da ya yi wa jaridar Guardian fiye da shekara 50 da sunan Araucaria, gwanin jigo ne na gaske. A Janairun 2013 jaridar ta buga wani allonsa da ya sanar da masu bin sa cewa yana da ciwon daji a maƙoshi, kuma sai da suka warware amsoshin sannan suka karanta labarin, ya rasu a Nuwamban shekarar yana da 92. Mutum ya zaɓi ya gaya wa mutanensa magana mai nauyi haka ta hanyar da suka saba hira da shi, ni dai duk lokacin da na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Kowane allo kafin ya bar hannunmu sai mutum biyu da ba su ga amsa ba sun warware shi, ɗaya tsohon hannu ɗaya sabon shiga, in sabon ya kasa samun ƙofa ko tsohon ya ce wata kalma zaman banza take to ishara ta dawo teburina. Muna yi da Hausa muna yi da Turanci, na mujalla da na makaranta da na kyauta, kuma muna haɗawa da takardar bayanin kowace amsa don mai koyo. Abin da muke roƙo kawai a ba mu lokaci, a kuma ba mu labarin mutumin sosai, aikinsa da abin da yake so da irin kalmomin da ya saba faɗa. Ga ɗaya daga allon tsuntsayen nan ku gwada, ita ma ba ma'ana a ciki: Kurɓa, ni da kai da babban ɗan'uwa (7).