Wadirob na je nema, na ƙare a gwanjon lambobin soja

Ni fa ba sha'awar kayan tarihi ce ta fara kai ni wajen gwanjo ba, rashin kuɗi ne, gara in faɗa tun yanzu kafin wani ya ɗauka ni wani masani ne. Shekarar da muka tare a wani ɗan gari kusa da Lids a Ingila, gidan da muka kama ko kujera babu, fili fetal sai kafet, na shiga kanti na ga kuɗin sabuwar wadirob na fito ina salati, shi ne wani abokin aikina ya ce in leƙa gwanjon da ake yi duk Talata can bayan tashar jirgin ƙasa. A raina na ɗauka irin namu ne na Ƙofar Wambai, tulin riguna da takalma ana ta ciniki a tsaye. Ashe wani ƙaton sito ne mai sanyin tsiya, an jibge kayan tsofaffin da suka rasu 'ya'ya sun ce a kwashe a sayar, tun daga gado har cokali, kowanne an manna masa lamba.

Ranar Litinin ake zuwa duba kaya, ka taɓa, ka buɗe, ka kifa, ba mai ce maka kanzil. Talata ka karɓi kati mai lamba ka zauna, mai gwanjon yana can sama da 'yar gudumarsa yana zuba kamar rediyo, a awa ɗaya sai ya sallamar da kaya kusan ɗari. Babu zancen albarka ko a ƙara ko Allah ya ba da kasuwa, in ya buga shi ke nan ta zama taka ko kana so ko ka fasa. Wata jibgegiyar wadirob ta zamanin Sarauniya Biktoriya na taya, ta mahogani ce, dangin maɗacin nan namu, har da madubi a ƙofarta, aka buga min a fam 40 na fito ina jin kaina kamar na damfari bature. Sai da na je biya yarinyar ta ce fam 52. Na ce ta yaya? Ashe a nan mai saye ma yana biyan la'ada, kashi 25 cikin ɗari, sannan a ɗora harajin VAT a kan la'adar. Mai motar da ya kawo min ita gida kuma ya caje ni fam 60, wato ɗauko ya fi kayan tsada, da muka zo matakala ta ƙi hawa sai da muka raba ta gida uku, maman yara tana tsaye ta riƙe ƙugu ba ta ce komai ba, kallon kawai ya ishe ni.

Amma fa wadirob ce. Har yau tana nan ko motsi ba ta yi, in ka zaro aljihun tebur ɗinta za ka ga haɗin katakon da hannu aka yanka shi, ba daidai yake cif cif kamar na inji ba. Abun da ya karya kuɗin irin waɗannan kaya shi ne yaran yanzu ba sa so, gidajensu ƙanana, kayan kuma duhu da nauyi. Abu ɗaya dai ka kula, ƙwaron da ke cin katako. In ka ga ƙananan huji kamar an soka allura ba lallai matsala ba ce, amma in akwai sabon gari fari a ƙasan hujin to yana nan da ransa, ka bar musu kayansu.

Daga nan na zarce agogo, kuma a nan na ci ƙaniyata. Dogon agogon nan mai tsayawa a ƙasa kamar mutum, wanda aka fara yi a Ingila wajajen 1670 bayan wani ɗan Holan mai suna Huygens ya ƙirƙiro agogo mai lilo a 1656. Na manya irin su Thomas Tompion na Landan wannan sai masu hannu da shuni, ni ko kusa ba na zuwa, amma na ƙauye wanda wani maƙerin agogo ya yi a 1800 da wani abu, mai fentin furanni a fuska, yanzu da fam ɗari biyu ko uku sai ka ɗauka. Iri biyu ne, akwai mai kwana 8 wanda ake wanawa da makulli ta huji biyu a fuskarsa, akwai mai awa 30 wanda kullum sai ka ja sarƙa ko igiya. Na farkon da na saya ban san ana cire lilon da duwatsun nauyin ba kafin a ɗauka, haka na kwantar da shi a bayan mota kamar gawa, kafin mu isa gida ɗan siririn ƙarfen da ke riƙe lilon ya karye. Na kai wa wani dattijo mai gyara, ya sa tabarau ya duba, ya ce gyaran ba wuya amma ka san an aurar da agogon nan ko? Haka suke cewa wallahi, aure. Wai injin daban akwatin daban, wani ne ya haɗa su daga baya, ya nuna min katakon da injin ke zaune a kai sabo ne an yi masa ciko, fuskar ma ba ta cika tagar ba. Katalog ɗin gidan gwanjon bai faɗa ba, na koma na yi ƙorafi suka nuna min ƙananan rubutu a bayan takarda cewa yadda ka gani haka ka saya. Na haɗiye. Yana nan a falo yana aiki abunsa, agogo sarkin aiki, sai dai ƙarfe goma sha biyun dare in ya fara bugawa har maƙwabta sun san muna da shi, yanzu na daina wana ɓangaren ƙararrawar don a zauna lafiya.

Toh abun da ya sa na zauna rubutun nan ma ba waɗannan ba ne. Wata Litinin ina duba wani kwali na tarkace, maɓallai, tsofaffin kwabbai, sarƙar agogon aljihu, sai ga wata lambar soja ta azurfa ta yi baƙi, kan Sarki Joji na biyar a gaba, a baya mutum a kan doki, ƙyallen duk ya koɗe. Irin wadda aka raba bayan yaƙin duniya na farko ce, an buga sama da miliyan 6 saboda haka ba wata tsada gare ta ba. Na juya bakinta don na riga na koyi cewa a nan ake rubuta mai ita, sai na ga lambar rajistarsa ta soja, muƙami, sannan suna na Hausa tsaf, irin yadda turawa ke rubuta mu lokacin, sunan yanka haɗe da sunan garinku, a ƙarshe kuma an taƙaita sunan rundunar Najeriya. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ina tsaye a sito a arewacin Ingila hannuna ya ƙage don sanyi, ina riƙe da sunan wani bawan Allah da wataƙila ya yi yaƙi da Jamus a Garwa ko Mora a Kamaru, ko aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa gabashin Afirka a 1916, an jefa shi cikin maɓallai. Washegari na tayi kwalin gaba ɗaya, wani mai jar hula ya ɗan ja da ni, ina jin shi kwabban yake so, na samu a fam 35.

Tun daga ranar na shiga bin manyan gidajen da sana'arsu ke nan, irin su Noonans da Spink a Landan, ba wai ina saye ba, yawanci kallo nake a intanet ina karanta katalog kamar jarida. Duniya ce guda. Akwai masu zuba kuɗin da hankali ba ya ɗauka, wani attajiri Lord Ashcroft ya tara Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma ta sojan Birtaniya, fiye da 200, a 2009 ya sayi ta likitan soja Noel Chavasse wanda ya same ta har sau biyu a kan kusan fam miliyan ɗaya da rabi. Su a wajensu ƙarfen ba komai ba ne, sunan da ke jiki da labarin da za a iya tonowa a kansa shi ne kuɗin, shi ya sa ba sa son a raba lambobin mutum ɗaya, kuma ba sa son a goge ta yi ƙyalli.

Akwai wadda duk lokacin da ta fito sai na rasa yadda zan yi da raina. Lambar hidimar Afirka da aka fara a 1902, kan Sarki Edwad na bakwai, ƙyalle ruwan ɗorawa da baƙi a gefe da siraran layi kore biyu, a samanta ɗan ƙarfe an rubuta arewacin Najeriya 1903. Kun san me aka yi a 1903. Kano a Fabrairu, Sakkwato a Maris, sai Burmi a watan Yuli inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Akwai ta 1906 ma, shekarar Satiru. In ka karanta sunayen da ke bakin waɗannan lambobi kaɗan ne na turawa, da yawa namu ne, don sojan da suka yi aikin akasari Hausawa ne da Yarbawa, turawa yawanci hafsoshi ne. Sau biyu na sa hannu zan taya na janye. Wani sashe na zuciyata yana cewa wannan ladan rushe ganuwar garinku ce me za ka yi da ita a ɗaki, wani sashen yana cewa to in ba ka saya ba wani ne zai kulle ta a durowa wanda ko karanta sunan daidai ba zai iya ba. Har yanzu ban yanke ba, kuɗin ma fam ɗaruruwa ne, shi ma yana taya ni yanke hukunci.

Duk wannan ya sa na tuna Baffa, yayan kakana, wanda ya je ƙasar Bama, wato Burma, a yaƙin duniya na biyu. Muna yara mun san dai tsohon soja ne mai faɗa, in ya ga dama ya zauna a zaure ya yi ta ambaton sunaye muna dariya, Kaladan, Arakan, Miyohan, mu a kunnenmu kamar sunan aljanu. Sai da na girma na gane wurare ne na gaske, runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma da aka kafa a 1943 su suka bi dazukan nan suna fafatawa da Japan, har wata birged ta 'yan Najeriya ta shiga cikin dakarun Chindit na Janar Wingate a 1944. Sunayen ma suna gabanmu kullum ba mu lura ba, barikin Chindit a Zariya, Kalapanzin da Dalet a Kaduna, Arakan a Legas. Tambarin ta 81 gizo-gizo ne baƙi, Anansi na mutanen Gana, wato dai Gizonmu na tatsuniya, ta 82 kuma mashi biyu a gicciye a kan gammo, don da ka aka yi dakon kayan yaƙin inda mota ba ta shiga. Baffa yana da lambobi a cikin gwangwanin taba, na tuna tauraro mai tsini shida da ƙyalle ja a tsakiya, shuɗi da ruwan lemo a gefe, mun sha sace shi mu rataya a wuya muna fareti a tsakar gida yana bin mu da sanda.

Abun takaicin, tauraron Bama yana cikin mafi araha a gwanjo, kuma Birtaniya ba ta rubuta suna a lambobin yaƙi na biyu ba, haka ta raba su ba komai a baya. Wato ko na Baffa ne ya biyo ta gabana a tire ba yadda zan yi in gane shi. Na sayi guda ɗaya duk da haka, na ajiye kusa da waccan ta azurfar, yarana suna tambaya ina ba su ɗan abun da na sani.

Watan jiya na kira Goggo, ita kaɗai ta rage a 'ya'yansa, bayan gaisuwa na ce Goggo wai ina gwangwanin nan na Baffa mai lambobi? Ta yi shiru ta ce kai kuma me ya tuno maka da wannan, ai tun gyaran gida da aka yi bayan rasuwarsa ba a sake gani ba, ko yara sun zubar ko an haɗa da tsofaffin tukwane an ba 'yan jari bola, wa ya sani. Na ce ba komai Goggo. Har za mu yi sallama ta ce tsaya, akwai wani ɗan littafi mai bango mai tauri a ƙasan adakarta da turanci a ciki, tana jin na sallamarsa daga soja ne, ba ta yar ba don akwai sunansa. Na ce don Allah Goggo kar ki bari kowa ya taɓa, ki sa a leda. Jikanta ya turo min hoton ta WhatsApp, ya ɗauka da daddare duk ya yi dishi dishi, gara ta ci gefe ɗaya, amma lambarsa ta soja ta fito, sai lamba ɗaya a tsakiya da na kasa tantancewa ko 3 ce ko 8. Na ce ya sake ɗauka da rana, yau kwana tara ina jira, wai ba shi da data.