Ashe ƙwaya ɗaya ce ke ta wahala a laftof ɗina

Wai ni wannan HP ɗin da na saya 'yar hannu can wajen Ƙofar Ƙaura, furosesarta, wato ƙwaƙwalwarta, Core i5-6300U ce, na ɗora mata Linux Mint don Windows na cinye mata ram, amma sati biyu ina fama, shafi uku kawai zan buɗe a Firefox sai fanka ta hau kuka kamar injin markaɗe, ga zafin Katsina ga na'ura na tafiyar hawainiya. Ni dai na ce tsufa ne.

Ran Asabar ƙanena da ke karatun kwamfuta ya shigo gida, ya ce "Yaya, miƙo ta in ga wani abu." Ya buɗe tamina, wato tagar da ake rubuta wa na'ura umarni, ya rubuta nproc, umarnin da ke faɗin furosesa nawa Linux ke gani. Ta ce 1. Ɗaya tak! Alhali furosesar nan ƙwaya 2 gare ta, kowace na jan zare 2, wato layin aiki biyu, kenan 4 ya kamata mu gani. Ya buɗe htop, manhajar da ke nuna aikin kowane zare da sanda, sanda guda ce a sama ta cika maƙil, sauran ko alamarsu babu.

Na ce to kanel ɗin, wato zuciyar Linux, shi ne bai iya raba aikin ba? Ya ce haba Yaya, tun Linux 2.0 a 1996 ake raba aiki ga furosesa fiye da ɗaya, ya buga uname -a ya nuna mani SMP, alamar cewa kanel ɗin ya iya wannan rabon, ɓaro-ɓaro. Sai ya rubuta cat /proc/cmdline don ganin umarnin da ake ba kanel in an tada na'ura, can ƙarshen layi sai ga acpi=off zaune. Nan na yi tsuru-tsuru, don da hannuna na sa shi, ranar da take maƙalewa wajen kashewa wani bidiyo ya ce a sa, na sa ban tambayi mi yake yi ba. Ashe acpi=off kashe ACPI yake yi, tsarin da ke kula da wuta da batir, kuma ta ACPI kanel ke sanin ƙwaya nawa ke cikin na'ura, in ka toshe shi sai ya kama ta farko ya yi ta bautar da ita. Shi ya sa ma alamar batir ta ɓace, ni ina ta zagin batirin.

Muka shiga fayil ɗin /etc/default/grub inda na sa acpi=off muka goge shi, muka buga sudo update-grub don gyaran ya zauna, muka sake tada ta. nproc ta ce 4, sanduna huɗu na rawa a htop, fanka ta yi shiru.

Maƙalewar kashewar dai ta dawo, sai na danne maɓalli na riƙe. Ya ce BIOS, manhajar da ke fara tada na'ura, za mu sabunta, amma sai ranar da wuta ta zauna, don in ta mutu ana tsaka da yi laftof ɗin na iya lalacewa.