Wata huɗun da Inna ta yi mana a Manchesta

Kilishin aka fara rasawa. Tun Inna ba ta fito daga filin jirgin Heathrow ba aka raba ta da shi, aka haɗa da kwalbar man shanun da ta daɗe tana tara mini. Laifina ne. Na san Birtaniya ba ta barin matafiyi daga ƙasashenmu ya shigo da nama ko wani abin da aka yi da madara, komai bushewarsa, amma maimakon in faɗa mata da bakina sai na bar wa ƙanena sallahu, shi kuma ya ga ba shi da idon da zai ce wa Inna ta sauke kilishin da ta aika har Kano aka yo mata. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, bagaruwa da kanwa duk sun tsira. Har ta koma gida ba ta daina zancen kilishin nan ba, kuma ba ta taɓa yarda cewa zubar da shi aka yi ba. "Yo wa zai zubar? Cinyewa suka yi."

Tsakiyar Nuwamban 2022 ke nan, kwana tara da haihuwata. Mun so a ce da ita aka yi suna, sai dai mun yi sanyin jiki wajen neman biza, ta fito a makare. Ragon ma a Funtuwa aka yanka, mu nan hotonsa kawai muka gani. Abu biyu na yi daidai a shirin tafiyar. Na rubuta takarda da Turanci mai ɗauke da sunanmu, adireshi, lambar waya da ranar komawarta, na ce duk wanda ya yi mata tambaya ta miƙa masa. Sannan na nema mata keken marasa ƙarfi tun daga Abuja. Ta yi faɗa, wai ita da ƙafafunta. Amma mai tura keken nan shi ya zame mata ɗan jagora a wurin da ba ta jin ko kalma ɗaya, har ya danƙa ta hannun maigidana, Baban Ummi. Daga nan suka kamo hanyar Manchesta a mota, wajen awa huɗu, ga surukuta ga gajiya. Ya ce mini ban da gaisuwa, magana ɗaya ta yi masa duk tsawon hanyar: "Rana ba ta fitowa ne a nan?"

Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta kama sunana. "Ke" ce ni, in ta ji daɗi kuma "'yar nan". Jaririyar sunanta muka sa mata, shi ya sa muke ce mata Ummi. Tana shigowa ko kallona ba ta yi sosai ba, ta karɓe ta, ta juya ta gaba da baya, ta ce kishiyar tata ba ta da wani kyan a zo a gani. A nan na saki kuka, ta ce in rufe mata baki.

Washegari aka fara wankan jego. Babu darbejiya a Manchesta, sai ta yi dabara da ƙaramin tawul da babbar tukunyar da muke dafa shinkafar sallah, safe da yamma. Shekarar ce kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, ga wata 'yar na'ura a kicin da ke nuna fam nawa aka ƙona a rana. Baban Ummi ya dube ta kwana uku, rana ta huɗu ya juya fuskarta bango. Inda muka samu saɓani shi ne kunun kanwa. Jinina ya hau a ƙarshen cikin, ungozomar da ke zuwa duba ni gida tana auna ni duk zuwa, kuma na san tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kanwa da kwanciya kan gadon wuta da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Amma ta ina zan fara? Matar da ta haifi tara, ta yi wa 'ya'yan dangi jego ba adadi, ni ce zan karanta mata binciken likita? Sai na kira Goggo, ƙanwar babanmu da ta yi ritaya daga aikin jinya, na ce ta kira kamar barka za ta yi. Minti goma suka yi. Da yamma aka dama mini kunun tsamiya, kanwar kuma ba wanda ya sake tayar da zancenta. Tun daga nan na riƙe wannan hanyar: maganar da ba za ta shiga daga bakina ba, in nemo wanda za ta shiga daga nasa.

Shekararmu huɗu a gidan nan, hawa na biyu, ban san sunan ko mutum ɗaya a benen ba. Turaren wuta ne ya gabatar da mu. Inna ta hura gawayi a kan murhu, ta zuba turare a kasko, ta zagaya ɗakuna, sai ƙararrawar hayaƙi ta ɗauka. Inna na salati, Ummi na tsala ihu, ni ina fifita silin da sallaya, sai ga ƙwanƙwasa. Tsohuwar Baturiyar da ke ƙasanmu ce, da sandarta, ta hawo ta ga ko gobara ce. Ina ta ba da haƙuri, ita kuwa Inna ta riga ta jawo mata kujera ta ɗora mata jaririya a cinya. Ranar Juma'a ta soya ƙosai ta ce in kai wa "Iya". Na ce, Inna, nan ba a yin haka, mutum sai ya ce yana da cutar da ba ya cin wani abu. Ta ce, "To ki tambaye ta mana." Kwanon ya dawo da 'yar hular ulu da Iya ta saƙa. Daga baya sukan zauna su biyu kusan awa guda, wannan na Hausa waccan na Turanci, kowa na gyaɗa kai. Na taɓa tambayar Inna me suke cewa. Ta ce mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya yana nesa, gwiwa ke damunta. Na bincika, duk haka ne.

Sanyi na ji mata tsoro, na tanadi riguna masu kauri da safa. An kuwa yi shi, don wajen 10 ga Disamba ƙasar ta daskare fiye da mako guda, har Turawan na kuka. Amma ba shi ya kayar da ita ba. Duhu ne da shiru. A Disamba rana ba ta fitowa sai bayan takwas, kafin huɗu ta faɗi; Azahar, La'asar da Magariba duk cikin awa huɗu, alwala ɗaya ta ishe ka. Babu ladan sai na waya, wanda ta raɗa wa suna ladanin aljihu. Matar da a gida ba a minti goma ba a yi sallama a ƙofarta ba, mai sayen ƙuli, mai aron turmi, almajiri, mai kawo ƙara, sai ga ta tsaye bakin taga tana ƙirga masu wucewa da karnuka. Na lura abincinta ya ragu, hirar ta ragu. Wata rana ba tare da ta juyo ba ta ce, "Haka kike zaune shekara huɗu?" Na ce na saba. Ta ce, "A waya ba haka kike faɗa ba."

Muna yin arba'in na fara fitar da ita. Kuskuren farko Landan ne. Muka kashe kuɗin jirgin ƙasa daga Piccadilly zuwa Euston, awa biyu da 'yan mintuna, muka ja ta cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa da keken jaririya, don dai ta ga fadar Buckingham. Ta leƙa ta tsakanin ƙarafa, ta tambaya ina zauren da ake gaisuwa, na ce babu. Ta ce ƙafarta na ciwo.

Kasuwar Longsight kuwa, da bas ɗin fam biyu ke kai mu, ba ta taɓa gajiya da ita ba. Can ta gano 'yan Pakistan masu sayar da yadi suna yarda a taya, ta riƙa ciniki da yatsu tana ajiye kaya tana yin kamar za ta tafi. A masallacin Juma'a, ɓangaren mata, ta yi atishawa ta ce wani abu da Hausa, sai wata dattijuwa daga bayanta ta amsa mata da Hausa. 'Yar Sudan ce, kakanninta daga ƙasar Sakkwato suka tashi a ƙafa da niyyar Makka suka zauna a bakin kogin Nilu. Hausarta irin ta tsofaffin da ce. Ta hanyarta Inna ta san gidaje biyar na masu jin Hausa a garin da ni na ɗauka mu kaɗai ne, har da wasu 'yan Kumasi.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ta gidan tarihin kimiyya da masana'antu da ke titin Liverpool Road. Don shiga kyauta ne kuma akwai ɗumi na kai ta, ba don ina zaton zai burge ta ba. A zauren masaƙa aka kunna tsofaffin injinan kaɗi ana nuna wa baƙi yadda auduga ke zama zare. Inna ta tsaya cak. Ita da mazari da alli ta tashi, tun tana 'yar shekara bakwai kakarta ke zaunar da ita kaɗi, kuma mahaifinta da jaki yake kai audugarsa ma'auna. Na ce mata unguwar nan ta Funtuwa da ake kira BCGA, sunan ƙungiyar da aka kafa a nan Manchesta ne a 1902, don masaƙun wannan yanki su sami audugar da ba ta Amurka ba. Da audugar a rai aka ja layin dogo har Kano, sai dai manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi kuɗi suka bi ta. Ta yi shiru tana kallon ɗaruruwan mazarai na juyawa lokaci guda. Can ta ce, "Ashe nan take zuwa. Mu kuma mu sayo ta atamfa." Ai kuwa ta kama zancen: ina ake buga 'yar Ingila? A kai ta ta saya a tushe, ta yi tsaraba. Na ce a wani gari ne nan kusa, Hyde, kamfanin ABC ke buga ta, amma an daɗe da mayar da aikin Ghana. Ba ta ji daɗi ba ko kaɗan. Ta zo har Ingila, 'yar Ingila kuma ta yi ƙaura.

A watan Fabrairu muka je Sheffield gaida wani ɗan ƙanen babanmu da iyalinsa. Da gangan na zaɓi jirgin da ke tsayawa ƙananan tashoshi ta cikin tsaunukan Peak District. Tumaki ne ko'ina, jibga-jibga, an shafa musu fenti a baya, an kewaye su da katangar duwatsu da ba a sa wa siminti ba. Inna ta manna goshi a gilashi tana neman makiyayi. Na ce babu, haka suke kwana. Ta ce, "Ba mai kora su?" Na ce babu. Ba ta ƙara magana ba har muka wuce Edale. Na san inda hankalinta ya tafi, don shanun gidanmu na ƙauye dare ɗaya aka kore su, kuma yau shekaru ke nan ba mai iya noma gonar bayan dutse.

A wannan tsakanin ne aka yi canjin kuɗi a Najeriya, aka sa wa tsofaffin takardun 200, 500 da 1,000 wa'adin 31 ga Janairu, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Na ga Inna ta kasa sukuni, tana ta tambayar kwanan wata. Da dare ta ce in kira mata autarmu, in kuma fita daga ɗakin. Gidan Turawa bango kamar kwali: samira ta uku daga ƙasa, cikin jeren da ke bayan gado, a ƙulle cikin tsohon ɗankwali. Asirin shekara ashirin ya tonu ta WhatsApp.

Maganin hawan jininta ya ƙare a wata na uku, don na wata biyu ta taho da shi. Mun samu ganin likitan unguwa ba wahala, amma na kwana da sanin cewa da kwanciya asibiti ta kama, baƙo mai bizar ziyara biya yake yi, har da ƙarin rabi a kan ainihin kuɗin, mu kuwa ba mu yi mata inshora ba. Allah Ya rufa asiri. In za ta dawo, inshora da maganin dukan zaman su ne farkon abin da zai shiga jaka, kafin kuka.

Bizar ta ba ta damar wata shida, muka roƙe ta ta cika. Ta ce azumi na kamawa wajen 23 ga Maris, ita kuwa ba za ta yi shi a garin da ba a jin ladan ba, ba a kuma aiko da kunu daga maƙwabta. Daren tafiya muka yi ta fama da sikeli, jaka biyu kowace kilo 23, ana cire takalman jikoki ana mayarwa. Man zafi na gwiwa kaɗai ya kai kwalba goma sha biyu, na ƙawayenta. Da safe ta sauka ƙasa ita kaɗai, ta daɗe, ta dawo idonta ja, riƙe da wani mayafin ulu.

A filin jirgi ba ta rungume ni ba, ba ta saba ba. Ta yi wa Ummi addu'a, ta yi wa Baban Ummi godiya yana durƙushe mutane na kallo, sannan ta zaro wata takarda daga jakarta ta ba ni. Lambobin waya ne guda shida, kowace da rubutun hannun mai ita. Ta ce, "Duk na ce musu za ki zo. Kada ki ba ni kunya."

Huɗu na samu zuwa kawo yanzu. Duk Juma'a in ta kira, kafin ta tambayi kishiyarta, kafin ta tambaye ni, sai ta ce, "Ke, an kai wa Iya?"