Hannun yaro ya yi sanyi, aka ce masassara ta sauka

A daminar bara ɗan ƙanwata mai shekara ɗaya da rabi ya kwana biyu yana fama da masassara a gidansu da ke Birni, nan Damagaram. Da safiyar rana ta uku uwarsa ta ji tafin hannunsa da ƙafafunsa sun yi sanyi, ta yi hamdala, ta ce sauƙi ya samu. Ni kuwa da na je na tarar da shi kwance yana numfashi da sauri, ya ƙi kama nono, kuma rabonsa da fitsari tun daren jiya. Na danna farcensa har ya yi fari na saki, sai da aka wuce daƙiƙa uku kafin jini ya dawo. Ba mu jira mota ba, kabu-kabu muka hau zuwa gidan likita.

Abin da ya kama shi likitoci na kiransa sefsis, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne cewa yawancin ɓarnar jikin yaron ne ke yi wa kansa. Idan ƙwayar cuta ta shiga, sojojin jini sukan saki wasu sinadarai da ake kira sitokin, irin su TNF-alfa da IL-1 da IL-6, waɗanda aikinsu shi ne shelar yaƙi: su tayar da zazzaɓi, su buɗe hanyoyin jini, su kira taimako zuwa inda cutar take. A miki guda wannan alheri ne. Amma idan shelar ta game jiki gaba ɗaya, hanyoyin jini sai su riƙa yoyo, ruwa ya tsiyaye cikin tsoka, ƙananan gudaji su toshe siraran jijiyoyi, ƙoda da huhu da ƙwaƙwalwa su rasa isasshen jini.

Yara suna da wani hali da ke ruɗar iyaye. Zuciyarsu takan ƙara gudu, jiki ya matse jijiyoyin hannu da ƙafa domin ya tanada wa ƙwaƙwalwa jini, shi ya sa gaɓoɓi ke sanyi alhali awon matsin jini yana nan daidai. Ba ya faɗuwa sai an kai gargara.

A shekarar 2017 an ƙiyasta mutum miliyan 11 ne sefsis ya kashe a duniya, kusan miliyan 3 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. An gwada magungunan toshe TNF tun shekarun 1990, ba su zama mafita ba. Har ƙarin ruwa ma sai da lura, domin wani bincike mai suna FEAST na 2011 a kan yara fiye da 3,000 a Uganda da Kenya da Tanzaniya ya nuna cewa ɗura ruwa da gaggawa ya ƙara mace-mace a asibitocin da ba su da na'urar taimaka wa numfashi. Wannan ne ya sa nake jin tsoron ƙarin ruwan da ake ɗaura wa yara a cikin gidaje.

Shi namu an yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya tun isarmu, aka gwada jininsa don masassarar cizon sauro, aka sa masa iskar numfashi. A kwana na uku ya miƙa hannu ya kama nono.